Tsagar Bango a Hatta

Shekara arba'in da ɗoriya Malam Ɗanladi yana ginin ƙasa a Zariya, da tubali da azara. Da mai ɗakinsa ta rasu, ɗansa Abdulganiyyu, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor, ya ɗauko shi zuwa Dubai. Wata biyu yana zaune a bene na bakwai. Bai yi kuka ba. In an ba shi abinci ya ci, in sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya yi yawa ya ja bargo.

Saura kwana huɗu bizarsa ta ƙare. Abdulganiyyu yana so a sabunta ta, a sayar da gidan Zariya, tunda katangar gabas ta tsage, ga damina tafe, babu mai yi mata yaɓe. Duk sanda ya kawo maganar, tsohon ba ya cewa e, ba ya cewa a'a.

Ran Asabar Abdulganiyyu ya kai shi shan iska Hatta, wani gari cikin duwatsu. Suka hau wani tudu inda kufan wata tsohuwar hasumiyar tsaro take, ginin dutse da laka, rabi ya zube. Baƙi suna ta ɗaukar hoto. Ɗanladi ya tsaya yana kallo kamar yadda yake kallon komai yanzu. Sai idonsa ya sauka kan wata tsaga. Ya sa yatsa ya auna zurfinta. Ya durƙusa, ya tara ƙasa, ya tsiyaya ruwan gorarsa, ya kwaɓa, ya fara cusawa yana shafewa da tafin hannu.

Mai gadi ya taho yana ɗaga hannu, yana cewa halas, halas, wato ya isa. Abdulganiyyu ya ba shi haƙuri da Larabci, sannan ya juyo.

"Baba, ba a taɓawa. A haka ake son sa. Rushewar ake zuwa gani."

"To masu shi fa?"

"Ai sun daɗe da tafiya."

Ɗanladi ya dubi lakar hannunsa har ta fara bushewa. Bai ji kunya ba, bai ji baƙin ciki ba. Hannun ne dai yake neman ƙarasa abin da ya fara.

A mota suka kama hanyar komawa har suka bar duwatsu a baya. Sannan, yana kankare laka daga farcensa, Ɗanladi ya ce kada a sabunta bizar, kuma a kira Gidaɗo maƙwabcinsa na Zariya, ya sa masu jakuna su fara jibge jar ƙasa a ƙofar gida.