Ranar da Ɗiyata Ta Yaye Zanen Zaure

Tun kafin wani abu ya faru ni dai zauren gidanmu nake tsoro. Shekarun baya ke nan, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, muna zaune a Ƙauran Namoda, ina goyon ɗiyata ta fari.

Maigidana mai zane ne. Shi ke zana mutane a allon shagon aski da na teloli da bayan manyan motoci, kuma a zaure yake aiki. Yana da wata ɗabi'a da ta hana ni sukuni: ba ya fara zana mutum da tufafi. Sai ya fitar da jiki tsirara da gawayi, kafaɗa da ƙirji da ƙugu, sannan ya ɗauko fenti ya sa masa sutura. Na sha ce masa, "Don Allah ka fara da rigar mana." Sai ya yi dariya ya ce, "In ba ki san inda ƙashi yake ba, riga ba ta zama." Ni da ko firamare ban gama ba, ina zan ja da shi? Amma a lokacin kullum sai an kawo labari gidan suna, wai an fasa allon wane saboda hoton mutum, an tafi da wane. Ban san gaskiyar ba, cikina dai ya sani.

Wata Alhamis ya tafi kasuwar Shinkafi sayen fenti. Ya bar wani dogon allo na shagon ɗinkin mata jingine da bango, mace tsaye, ko ɗankwali bai kai ga sa mata ba. Ina shara da hantsi na ji muryoyi sun nufo ƙofa. Na fizge zanen goyo na yafa wa allon, na ruga cikin gida.

"Salamu alaikum! Maigidan na nan?"

Limamin unguwarmu ne, tsoho, da wasu samari biyu masu kakin 'yan agaji. Daga bayan ƙyaure na ce ya yi tafiya. Ɗaya daga cikin samarin ya ce allon Islamiyya suke so a rubuta masu, za su ɗan jira ko Allah Ya kawo shi. Suka shimfiɗa tabarma suka zauna. A zauren. Ni kuwa ba damar in fita gaban maza.

Na manne ido a tsagar ƙyaure, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Abin da nake gani a raina bulala a bayan mijina, da sunan gidanmu a bakin mata. Ban ankara ba ashe yarinyar ta rarrafa ta gefen ƙafata ta shige. Ta san zanenta. Kai tsaye ta nufe shi, ta kama, ta ja.

Ya zame har ƙugu.

Samarin sun ba allon baya, suna gardamar ko a sa fenti kore ko baƙi. Liman ne ke fuskantarsa. Na ga ya ɗaga kai, na ga ya gani. Wallahi na ji fitsari ya kusa kufce mini. Sai ya miƙe a hankali kamar mai ciwon gwiwa, ya tsaya tsakaninsu da allon, babbar rigarsa a baje.

"Ke amaryata, mi kika nema nan? Zo in biya sadaki."

Ya ɗauke ta da hannu ɗaya, da ɗayan ya mayar da zanen ya soke shi a bayan allo. Ya ce wa samarin rana ta yi, su tashi, a dawo gobe. Da suka fita ya matso bakin ƙyaure ya ajiye yarinyar, bai dube ni ba.

"Ɗiyata, ki ce ma maigidanki baƙuwa tai na jin sanyi. Ya ba ta sutura yau ɗin ga, kuma ya sake mata masauki."

Da maigidana ya dawo na faɗa masa ina kuka. Bai yi dariya ba wannan karon. Kafin magariba matar ta samu atamfa shuɗiya da mayafi har ƙasa. Shi ya rubuta allon Islamiyyar, kuma daga nan a hankali aikinsa ya koma rubutu da furanni da dawaki. Hankalina ya kwanta, ba zan ɓoye ba. Sai dai har yau in muna zaune a tsakar gida nakan ga yatsansa na zana kafaɗar mutum a ƙasa, sannan ya shafe da tafin hannu. Nan kam ban san ko murna zan yi ba.

Liman bai taɓa tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi abinsa. Yarinyar da ya kira amaryarsa yanzu ita ma goyo take. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi wa tsohon nan addu'a, Allah Ya rufa masa asiri a kabarinsa kamar yadda ya rufa mana.