Gwaggo Shirwa da Hadarin Ƙarshen Damina

Ƙanwar babana ce, amma a gidanmu ba mai kiranta Gwaggo kawai, sai an ƙara da Shirwa. Sunan ya bi ta tun ranar da ta ajiye aikin jinya ta ce tuƙin jirgin sama za ta koya. Aka yi ta dariya, ita kuwa ta koya. Ƙaramin jirgi take ja, mai fanka ɗaya a hanci, na wata ƙungiya da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da ruwa ya yanke wa hanya.

Aikinta ya fi tsanani a ƙarshen damina. Lokacin ne koguna ke tumbatsa, lokacin ne kuma sama ke da mugun hali. Da safe gajimare ya sauko ya rufe filin jirgi. Rana na ɗagawa zafi ya turnuƙe, jirgi ya yi ta gudu a ƙasa kamar ba ya son tashi. Can da yamma ta kawo jiki sai hadari ya haɗo, baƙi ƙirin, da iska mai fizgar jirgi ta ko'ina.

A irin wannan rana ta je ɗauko wata mata da naƙuda ta zo wa da gardama. An ɓata lokaci wajen kawo matar fili, har hadari ya fara tasowa. Gwaggo ta dubi sama, ta dubi matar, ta tashi. Ba su yi nisa ba iska ta danne su, ruwa ya rufe gilashi. Ta lallaɓa ta saukar da jirgin a cikin wata gonar masara, hancinsa ya daki kunya ya kife. Matar da ma'aikaciyar jinyar da ke tare da ita suka fito da ƙujewa kawai, a bukkar mai gonar aka haifi jaririn. Gwaggo kuwa ƙafarta ta dama ta karye.

A ɗakin asibiti Baba ya tsaya a kanta, ƙafar na rataye cikin filasta.

"Shi ke nan, an gama," in ji shi. "Kin gwada, mun gani. Ki koma ɗakinki ki rufa mana asiri."

"Yaya, ƙafa ce ta karye, ba ni ba."

"Saura kaɗan mu binne ki!"

"Na sani. Laifina ne, na ga hadari na yi masa gardama, ba zan sake ba. Amma in kana jira in ce na daina tashi, nemi kujera, tsayuwa za ta gajiyar da kai."

Baba ya juya wajen mijinta, wani tela marar yawan magana, ya ce ya sa baki mana. Telan ya ci gaba da ɓare mata lemo, ya ce, "Yaya, ni da ko gishirin miya ban taɓa cin gardamarsa ba?"

Da aka cire filasta, ƙafar ta ƙanƙance kamar muciya. Likitan da ke duba matuƙa jirgi ya ce sai ta iya danna fedar jirgi da ƙarfi zai sa mata hannu. Ta mai da matakalar gidansu wurin aiki, tana hawa tana sauka, tana cije leɓe, gumi na zuba. In maƙwabta suka ce sannu, sai ta ce su riƙe sannunsu, za ta yi musu amfani wata rana. Karon farko likitan ya mai da ita gida. Ta koma, ya sa hannu.

Wata daminar na karkata ta koma fili tana ɗingishi. Yanzu da sassafe take tashi, gajimare na yayewa, ta kuma gargaɗi ƙauyuka su riƙa kai mara lafiya fili da wuri. Ran nan ta tafi ɗauko wani tsoho marar lafiya, hadari ya tare mata hanya, ta juyo da jirgin ba kowa a ciki. Wani makanike ya ce ashe Shirwa ta fara tsoro.

"Tsoro?" ta ce tana cire na'urar sauraro daga kunnenta. "Cika min tanki, gobe da safe zan koma. Kai kuma ka fara hawa tsani ba ka karkarwa, sannan mu yi magana."

Washegari ta ɗauko tsohon da ke jiranta, ta sauke shi kafin rana ta yi zafi.