Mabuɗin Sarƙar Filon

Numerius mai sayar da romon kifi haifaffen Pompeii ne, amma tun da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin, a Neapolis yake zaune. Ana ganin girmansa a can, don ranar da toka ta fara zuba bai tsaya kwasar kaya ba, gumakan gidan ubansa ya ƙunsa a mayafi ya fita da su. Har a kasuwa ana nuna shi, wai ga ɗa nagari. In ya ji sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne, kunya ce take cinsa.

A Pompeii yana da mai gadi, wani bawa tsoho mai suna Filon. Manyan gidaje kan ɗaure mai gadinsu da sarƙa a bakin ƙofa, Numerius kuwa, da ɗan gidansa mai warin kifi, ya ce shi ma sai ya yi irin na manya. Ranar gudun, Filon ya miƙo ƙafa ya ce, "Maigida, kwance ni mana." Numerius ya ce ba a barin gida babu mai gadi, girgizar ƙasa ba yau aka fara ba, kafin yamma za su dawo.

Ƙanwar Filon, Helpis mai gasa burodi, ta tsira ita ma. Da ta tambaye shi, ya ce mata ya kwance yayanta da hannunsa, ya gan shi ya nufi bakin teku. Tun daga nan, duk shekara in lokacin kai wa matattu abinci ya zo, tunda babu kabarin da za ta je, sai ta kawo wa Numerius burodi da zaitun don godiya. Yana ci kamar yana haɗiyar tsakuwa.

Bana ya duƙa zai ɗaga tulu, igiyar wuyansa ta zamo waje da wani ɗan mabuɗi a jikinta. Helpis ta yi masa tsiya: "Kai maigida, gidan da toka ta cinye, har yau kana riƙe da mabuɗinsa?"

Ta kama shi ta duba. Ya yi wa ƙofa ƙanƙanta. Ta sha kai wa yayanta abinci, ta san kwaɗon sarƙar da ke ƙafarsa, wannan kuwa mabuɗinsa ne.

Ta ajiye burodin a kan tulun kamar kullum.

"Ka ci," ta ce. "Da ma rabonsa ne nake kawo maka."