Ƙulli Bakwai a Bakin Mayafina

Akwai wata Talata da har yau ba ta bar kaina ba, ko da yake an yi shekaru masu yawa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna yawan tambayata me na gani a Riyad, sai in ce ban ga komai ba, don ni ba mai son fita ba ce. Daga ɗakinmu a unguwar Al-Badi'a sai wurin aiki, daga wurin aiki sai ɗaki. Amma wannan na gani, kuma na ji da kunnena.

A alif ɗari tara da casa'in da wani abu ne, cikin sanyi. Ina aikin shara da wanki a ɗakin canza kaya na mata, a wani filin golf na baƙi da ke bayan gari, cikin sahara. Maigidana Isuhu yana can shi ma, yana cikin masu gyaran fili. Ga wanda bai sani ba, golf wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ramuka goma sha takwas ne, kuma wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Filinmu babu ciyawa ko ɗaya. Kowa yana yawo da guntun kafet kore, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Kewayen ramin kuwa yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, sai ma'aikaci ya ja wani ƙarfe mai faɗi ya daidaita hanya kafin a gangara ƙwallo.

Akwai doka guda da za ku riƙe, don a kanta labarin yake. Mai wasa ba ya rubuta wa kansa lissafi. Abokin tafiyarsa ke rubutawa a kati, rami bayan rami, ya sa hannu a ƙarshe. A zauren kulob kuma akwai wani allon katako da ake rubuta sunan wanda ya fi kowa da ruwan zinariya. Sunan da ke sama a lokacin na wani injiniya ne, da bugu sittin da takwas.

A makon nan aka shirya gasar shekara. Ta maza ranar Alhamis, da rumfuna da kujeru da masu ɗaukar hoto, har an ɗauko wani gwani daga Turai an biya shi kuɗi don kawai a kalle shi. Ta mata kuwa aka ajiye ta Talata da sassafe, ranar da kowa yake ofis. Duk mazan fili an tura su kafa rumfa, sai mudir, wato shugaban wurin, wani Bature mai suna Mista Donal, ya leƙo ya ce in fita in ja wa mata ƙarfe.

Isuhu ya yi ta dariya. "Ke da ko shagon ƙofar gida sai an lallashe ki? Yau rana za ta ga fuskarki."

Na ce, "Kai dai je ka ɗaure igiyarka, Malam."

Aka haɗa ni da mata biyu, Madam Suzan da Madam Karin. Madam Karin doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana aikin gashin ƙashi a wani asibiti. Na san ta a ɗakin canza kaya, ita kaɗai ke naɗe tawul ɗinta da kanta. Da guntun Larabcinta da guntun nawa muke hira. Ta taɓa gaya mini shekara tara ta yi tana cin abinci da wasan nan a ƙasarsu, daga gari zuwa gari, wani lokaci a mota take kwana don kuɗin masauki ya fi abin da za ta samu. Ta ce namijin da ya ƙare can baya yakan koma gida da abin da mace ta ɗaya ba ta gani ba. Da ta gaji sai ta koyi gashin ƙashi. Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin wani gida da ta taɓa haya.

Da muka isa wurin farawa, sai babu jajayen duwatsun da ke nuna inda mata ke tsayawa. An kwashe su za a sake musu fenti saboda Alhamis. Mata kan fara ne daga gaba kaɗan, maza daga baya. Madam Karin ta duba, ta ɗaga kafaɗa, ta koma can baya wurin maza ta shimfiɗa kafet ɗinta.

An yi yayyafi kwana biyu kafin nan. Sahara ta yi laushi, wasu 'yan tsirrai sun leƙo, hazo ya kwanta a ƙasa daidai gwiwa, har kana ganin mutum kamar ba ya taka ƙasa. Babu motsin komai sai tantabaru. Sai Madam Karin ta buga.

Ni ban san golf ba, amma na san sauti. A garinmu Tasawa, tun ina yarinya, daga kan tabarma nakan gane wace ce ke daka a unguwa. Akwai mai dukan turmi da ƙarfi, akwai wadda taɓaryarta ke faɗawa da kanta a tsakiya. Shekara biyar ina jin bugun mutane ta tagar ɗakin wanki, yawanci kamar ana sara itace ne. Nata ba haka ba. Ƙas, siriri, a tsabtace, sai ƙwallo ta shiga hazo ta ɓace. Mu yi ta tafiya shiru, mu same ta zaune a tsakiyar hanya kamar wani ya ajiye ta da hannu.

Haka muka yi ta bi. Ina jan ƙarfe, tana gangarawa, ƙwallo na zana siririn layi a baƙin yashi, ta lanƙwasa, ta faɗa. Wani lokaci sai in manta a Riyad nake. Na riƙa jin kamar ina bin Inna zuwa rijiya da asuba, ina taka inda ta taka.

A rami na goma sha ɗaya sai ga direban Madam Suzan ya taho da gudu. Ku sani a zamanin mace ba ta tuƙi a can, duk inda za ta sai an kai ta. An kira daga makaranta, 'yarta na zazzaɓi, kuma motar ɗaya ce. Madam Suzan ta duba katin da take rubutawa, ta duba Madam Karin. Arba'in da biyu a ramuka goma sha ɗaya. Ta ce, "Karin, kin san abin da kike yi kuwa?" Ta sa hannu a kan nata rabon, ta tura mini katin da fensir. "Hadiza, ki ƙirga."

Na ce, "Madam, ban iya rubutu ba." A lokacin ko alif na boko ban sani ba.

Ta riga ta yi nisa, tana jan abayarta.

Madam Karin ta karɓi katin ta sa a jakarta, ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Hadiza. Mu ƙarasa don daɗi."

Amma an ce in ƙirga. Sai na yi yadda matan garinmu ke yi. Duk bugu ɗaya in tsinci tsakuwa ɗaya, in an gama rami in ƙulle su a bakin mayafina. Ko na sunkuya ina gyaran yashi, kunnena na wurinta. Huɗu. Uku. Huɗu. Huɗu. A na goma sha shida, gajere ne, biyu kacal. Rana ta taso, hazo ya watse, can nesa ana jin maza na buga turakun rumfa. Babu wanda ya juyo. A ramin ƙarshe ƙwallo ta zagaya bakin rami kamar mai shawara, sannan ta shiga. Huɗu da huɗu suka rufe. Ta tsaya ta rufe ido, ta daɗe a haka. Ni kuma ina gefe da ƙulli bakwai suna bugun ƙirjina.

Bayan azahar Mista Donal ya kira ni ofis. Madam Karin na zaune. Isuhu ya tare ni a hanya ya ce a hankali, "Ki faɗi abin da aka tambaye ki kawai, iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, a hannunsu take." Na shiga na kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya a kan teburinsa, kashi bakwai. Ya ƙirga da bakin biro. Ashirin da biyar. Da arba'in da biyu, sittin da bakwai. Ya yi daidai da abin da Madam Karin ta faɗa masa kafin in shigo.

Ya ce, "Daga ina ta fara bugu?"

Na ce, "Daga baya, ranka ya daɗe, wurin maza. Na mata an kai fenti."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce ya yarda da ni, ya yarda da ita, amma doka ta ce mai sa hannu sai ɗan kulob mai wasa, ni kuwa ma'aikaciya ce. Ramuka bakwai babu shaida a takarda. Za a ba ta kyautar mata, ba wanda zai yi gardama, amma allo ba zai yiwu ba.

Madam Karin ta ce, "Da Alhamis ce, mutum nawa za su gani?"

Ya tattara tsakuwoyin a tafin hannunsa, ya rasa inda zai sa su, ya miƙo mini.

Kyautar mata fulas ɗin shayi ce da faranti. Ta maza tikitin jirgi. Ranar Alhamis motoci suka cika har bakin titi. Ina ɗakin wanki ina jin baƙon gwanin nan ta taga, kuma gaskiya hannunsa na da daɗi, ba zan rage masa ba. Bugu saba'in ya yi. Tafi kamar ruwan sama a kan kwano.

Ana cikin tafin ne Madam Karin ta shigo, ɗakin babu kowa sai ni. Ta fito da katin daga jakarta, da ɗan akwatin tawada irin na ofis, ban san inda ta aro shi ba. Ta cika ramuka bakwai ɗin da hannunta. Ta nuna mini layin da aka bari fari.

"Nan ne wurin wanda ya gani," in ji ta.

Na ce, "Madam, ai mudir ya ce nawa ba ya aiki."

"Ba mudir zan kai wa ba."

Na goge hannuna da zane, na dangwala babban yatsa a tawada, na danna a kan layin, kamar yadda na yi ranar da aka ba ni iƙama. Ta hura masa iska har ya bushe, ta sa a cikin fasfo ɗinta. Fulas ɗin kuma ta bar mini, ta ce ita kofi take sha. Shekara na zagayowa kwangilarta ta ƙare, ta tafi, ban sake jin labarinta ba.

To ƙannena, abin da na koya ke nan. A aikinmu ana sa ka a gefe, kana riƙe da tawul ko tsintsiya, ana ganin ba ka cikin lissafi. Amma sau da yawa abin da ya fi kyau a wurin aiki ba ranar taro yake faruwa ba, kuma ba ga wanda aka kafa wa rumfa ba. Idan aka haɗa ki da mutum, ki kalle shi da gaske, ki saurara, mai yiwuwa ke kaɗai ce a wurin. Ban san sunan wa ke kan allon nan yanzu ba, ko ma filin na nan. Ni dai duk wanda ya tambaye ni, a nan ko a gaban kowa, sittin da bakwai ne, kuma daga wurin maza ta buga.