Wankan Jegon Motar Yaya

A danginmu kowa ya san Yaya ya fi ƙaunar motarsa a kan 'yan'uwansa, kuma shi ma bai taɓa musantawa ba. Kujerunta na fata ne, ruwan madara, masu laushi. In zai rage maka hanya sai ya fara duba ƙafarka. Mai cin gyaɗa ba ya shiga. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya, sau biyu na taɓa zama a cikinta, a na biyun kuwa na haihu.

Naƙuda ta kama ni da hantsi a gidanmu na Samaru. Maigidana yana aji yana koyarwa, wayarsa a kashe, don haka Yaya na kira. Ya zo da sauri, ya shimfiɗa zane a kujerar baya, Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta zo don wankan jego, ta shiga ta riƙe ni. Zanen ya zame tun a kwanar farko. Muna isa Palladan yarinyar ta nuna ita ba ruwanta da asibiti. Goggo ta karɓi haihuwa tana salati, Yaya yana tuƙi, ko waiwaye bai yi ba.

A bakin asibiti, bayan an shigar da ni, ya tsaya ya daɗe yana kallon kujerar. Sai ya miƙa wa Goggo makulli, ya tare ɗan acaɓa ya tafi. Bai shigo ya ga jaririya ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, ba waya ba barka. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya aurar da ni, ga shi ana shirin suna babu shi saboda kujera. Na ji haushi, na kuma yi kuka.

Maigidana ya kawo motar gida ya ajiye a tsakar gida, kusa da inda Goggo take tafasa min ruwan wanka. Ita Goggo ta yi imani cewa duk abin da haihuwa ta ɓata, tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ne suke gyara shi. Da safe, in ta gama fyaɗa ni ina ihu, sai ta ɗauki ragowar ruwan ta buɗe ƙofar baya ta fyaɗa wa kujera. Da yamma ma haka. Kwana uku muna jego tare, ni da motar.

Maigidana ya ce, “Goggo, anya kuwa?”

Ta ce, “Abin da ya gyara mace zai kasa gyara fatar saniya? Kauce ka ba ni wuri.”

Jinin ya dahu ya koma baƙi, fatar ta yamutse kamar ganda. Da ka buɗe ƙofa ɗacin darbejiya zai buge ka. Dole maigidana ya kai ta Sabon Gari wurin wani Bayarabe mai gyaran kujerun mota. Mutumin ya leƙa, ya dafe kai ya ce, “Oga, wa ya dafa kujera?” Ya ce shi jini ruwan sanyi yake so tun yana ɗanye, da tsumma mai laushi da sabulu marar ƙarfi, a riƙa dangwalawa ba dirza ba, in ya bushe a shafa man fata. Ya yi iya yinsa, amma tabo mai faɗin faifai ya zauna daram. Da aka gaya wa Goggo bayaninsa, tsaki ta yi ta ce, “Shi ya taɓa haihuwa?”

Ana gobe suna, da la'asar, sai ga sallamar Yaya. Ya wuce wurin motar, ya leƙa, sannan ya shigo ɗakina ya zauna a bakin ƙofa. Na fara zuba haƙurin da na haddace, na ce in Allah ya yarda za mu canja masa fatar gaba ɗaya.

Ya ce, “Kada wanda ya ƙara taɓa ta.”

Ya kalli ƙasa ya ci gaba.

“Ke kin ɗauka fushi nake? Shekara goma sha ɗaya da aurena. Kullum in ina goge kujerar nan cewa nake wata rana a kanta zan ɗauko matata da jaririnmu daga asibiti. Rannan na ji kukan jariri a bayana, kuma ba nawa ba. Ƙafata ce ta ƙi shiga asibitin.”

Kwana shida ina zaginsa a zuci, ban taɓa tunanin haka ba ko sau ɗaya. Kunya ta rufe ni. Ya miƙo hannu biyu ya ce, “Ba ni ita.” Na ba shi jaririyar. Bai iya riƙon jariri ba, sai da Goggo ta zo ta gyara masa hannu a ƙarƙashin kanta.