Gidan Mai Janareta Cikin Duhu

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, kasuwata ta buɗe. Janareta nake sayarwa, sabo da na hannu, kuma duk wanda ya samu kujera shi yake fara nema. Ni kuwa na fi yarda da tallar ido a kan ta baki. Na ajiye inji mai ƙarfi a gidana na Kambarawa, da an ɗauke wuta sai a tayar da shi har asuba. Dogayen ƙwayayen lantarki farare a tsakar gida, a zaure, har bakin titi. Wanda ya wuce ya gani, gobe yana shagona.

Autana a lokacin bai isa shiga firamare ba. Maganarsa 'yan kalmomi ce, ba ya son haɗa ido da mutum, amma in ya jera murafan kwalba ba ka ganin karkace. Wani likita a Kano ya ce sunan abin otizim, yanzu ina jin ana cewa galahanga. Duk wannan mun iya zama da shi. Barci ne ya gagare mu. Gari ya yi tsit, shi yana zagaya tsakar gida yana kwaikwayon ƙugin inji yana dariya, sai da hantsi ya ɓingire da barci har la'asar. Uwarsa ba ta runtsawa, don ya iya zare sakata. Ta rame, har ta taɓa yin gyangyaɗi da muciya a hannu.

Surukata Hajiya, da ke zaune a unguwar Gobarau, ta zo ta ga yadda 'yarta ta koma. Ba ta ja zance ba.

"Alhaji, mijin nan nawa zan tahi da shi, kahin ya ƙarasa mani ɗiya."

"Hajiya, zai wahalshe ki."

"Waɗanda suka hi shi ma na goya. In ya yi barci wurina, ya zama nawa ke nan."

Ba a musu da suruka. Amma raina bai so ba. Yaron nan shi ke tarbata a zaure kullum, ya kama tafin hannuna ya shinshina baƙin mai. Gaisuwarsa ke nan, kuma ni kaɗai yake yi wa.

Bayan 'yan kwanaki na je Gobarau da aka sallame isha'i, na shirya ba da haƙuri. Sai na tarar da shi a kan tabarma, baki buɗe, yana minshari.

"Ka gani?" in ji Hajiya. "Kunun gyaɗa da tofi. Ku 'yan zamani sai asibiti."

Na ce haka ne, na samu wuri na zauna. Ina zaune sai na lura ina jin kukan gyare, abin da na manta rabona da shi. Gidan babu haske sai fitilar ƙwai guda, an rage mata lagwani. Ƙaramin injin da na ba ta kyauta yana lungu, ta kife kwanuka a kansa.

A sana'armu in inji ya ƙi tashi ba a kwance shi gaba ɗaya. Abu guda ake canzawa a gani. Na roƙi Hajiya aron angonta, ta ba ni da sharaɗin kunu da tofi su bi shi. Na riƙe sharaɗin. Abin da na canza ɗaya ne: ana idar da isha'i na kashe inji, na kashe fararen ƙwayayen ko da akwai wuta, na kunna fitilar ƙwai. Daren farko ya yi ta kai ni wurin injin yana ɗora hannuna a kan igiyar. Na ƙi ja. Yayyensa suka yi ta mitar talabijin. Kafin mako ya zagayo, uwarsa ta fara makara sallar asuba don daɗin barci.

Ba warkewa ya yi ba. Har yau yana riga ladan tashi. Sai na ɗauki wannan lokacin ya zama nawa, mu zauna a zaure yana jera murafansa, ni ina jan carbi.

Maƙwabta kam sun samu abin yi. Tela na kusa da mu, wanda ya saba ɗinki da hasken ƙofata, ya tare ni a masallaci.

"Alhaji, ko kayan naka ne ba su da kyau? Mai sai da inji na kwana cikin duhu!"

"Malam, in kana son haske, shago na buɗe. Zan yi maka sauƙi."

Ya kuwa saya.

Hajiya ta zo ta leƙa ɗakin, ta ga angonta a miƙe. Ta ce kununta ne, na ce babu shakka. Ta bar mani shi, amma ta yanke cewa daren Juma'a a Gobarau zai riƙa kwana. A kan haka muka shirya.