Hatimin Akawu

Babu wanda ya kare martabar manhajar kwamfuta ta kamfani a duniyar nan kamar Akawu. Kamfanin dai bai san da zamansa ba, amma wannan laifin kamfani ne.

Shekara talatin ya yi yana buga takardu a ofis. Da ya yi ritaya ya kama rabin shago kusa da kotu, ya ajiye tebur a bakin ƙofa, inda duk mai neman a buga masa takarda yake fara tsayawa. Aikin ofis ya koya masa abu guda: takardar da ba hatimi ba takarda ba ce. Kwamfutarsa kuwa tana da hatimin kamfani manne a gefe, kullum sai ya goge shi da hannun riga.

Ɗaya rabin shagon, can ciki inda ba iska ba ciniki, na Injiniya ne, mai gyaran waya. Shi manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa ta kyauta ce, wadda jama'a suka haɗu suka rubuta.

"Baba Akawu, tamu a buɗe take. Kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta."

"Ka taɓa leƙawa?"

"A'a. Amma ina iyawa."

Akawu ya yi kwana biyu yana juya wannan amsa, don shi mutum ne mai son sanin dalili. Rana ta uku ya dawo da tambaya.

"To in ta lalace, wa za ka kama?"

"Ku da taku ta lalace, wa kuka taɓa kamawa?"

"Ban kama kowa ba. Amma na san inda yake."

Da musu ya ƙi ƙarewa, Injiniya ya kawo shawara: a kunna injinan biyu lokaci guda, kowa ya buga wasiƙa ɗaya ya fitar. Wanda tasa ta riga fitowa, bakin ƙofa nasa ne. Akawu ya dubi teburinsa, ya dubi lungun Injiniya, ya shafa hatimi, ya ce ya yarda. Mai shayi da tela suka zo shaida.

Takardar Akawu ta fito Injiniya yana kan sakin layi na biyu.

"Abin da aka saya daban ne, ɗan nan," in ji Akawu. "Araha ba ta ado."

Ana cikin haka autarsa ta shigo da kwanon abinci. Ita ce ta karanta kwamfuta, ita ke duba masa injin in ya yi gardama. Ya ce ta faɗa wa mutanen nan sunan manhajar da ta yi nasara.

Ta leƙa allon, ta dubi mahaifinta.

"Baba, ai irin ta Injiniya ce. Bara waccan da injin ya ƙi tashi na sa maka ita. Na faɗa maka, ka ce in dai firinta na aiki ba ruwanka."

"Hatimin fa?"

"A jikin akwatin yake, Baba. Ban ɓare ba."

Akawu ya sa tabarau ya daɗe yana duban allon. Sannan ya tambaye ta ta ina ake leƙa cikin manhajar. Ta nuna masa. Ya ga rubutu jere babu gaisuwa babu sa hannu, ya ce a rufe.

Injiniya ya ce ashe manhajarsa ce ta ci, don haka ƙofa tasa ce. Tela ya tuna masa cewa sharaɗin takarda ne, ba manhaja ba.

Teburin yana nan a bakin ƙofa. Manhaja ɗaya ce a injinan biyu. Injiniya da yatsa biyu yake bugu.